Akurkin da Kaka Ta Bari a Buɗe

Ranar da muka kai Kaka makwancinta, na zauna a kan tabarma a ƙofar gidanmu na Gwandu tare da Baba da ƙannensa muna karɓar gaisuwa. Na yi zaton zan ji abin da aka saba ji idan tsohuwa ta rasu: ta riƙe zumunci, ba ta wasa da azumin Litinin da Alhamis, ta yi haƙuri da duniya. An faɗi duk wannan kuma gaskiya ne, ban da maganar haƙurin, wadda na sunkuyar da kai na bari ta wuce domin na san Kaka. Amma kusan duk wanda ya durƙusa ya shafa addu'a, kafin ya miƙe sai ya ƙara da zancen kaji.

Wani dattijo daga bayan kasuwa ya riƙe hannun Baba ya ce, "Allah shi jiƙan ta, shi sa ta huta. Akurkin da tag gina muna ya girmi ɗana na hwari. Yaron ga yanzu har ya hwara hurhura, akurki ko tsagewa bai yi ba."

Wata Bafulatana ƙawarta ta taho a ƙasa tun daga rugarsu ta wajen Kambaza, ɗauke da ƙwarya cike da ƙwai, ta ajiye a zaure ta fashe da kuka. A cikin gida kuwa, sai ka ji kuka ya tashi, can kuma ka ji an tuntsire da dariya, sannan wata ta ce a yi salati. Kajin marigayiyar suna ta ratsa tabarmin baƙi suna tsattsagar abin da ya zuba, babu wanda ya iya ɗaga hannu ya kore su.

Ni kuwa ina zaune da abin da ke damuna. Kwana tara kafin rasuwarta, Kaka ta bar gidana na Kalgo ba zato ba tsammani, ta bar akurkin da take gina mini babu kai. Na tabbata a raina bakina ne ya kore ta, kuma da fushina ta tafi. Ga shi damina ta kusa, ginin laka da ba a rufe ba kuwa ruwan farko ne ke mayar da shi taɓo. Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa saboda ni, kuma ban san yadda ake rufe shi ba.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Tun ina rarrafe take kirana angonta, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki, kuma ba ta daina ba har na yi gemu. Ba ta taɓa ɗaukar ginin akurki sana'a ba. Idan ta shiga gida barka ko dubiya ta ga kaji suna kwana a kan katanga, to, gaisuwa ta ƙare ke nan. Sai ta fara zagaya tsakar gidan tana taka ƙasa da diddige, tana duban inda inuwa take faɗawa da azahar, mai gida na biye da ita yana ba da haƙuri kamar wanda aka kama da laifi.

Lakarta ma ba a haɗa ta da gaggawa. Jar ƙasa take so, da ƙasar suri, a zuba yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a cuɗe da ƙafa, a rufe ta kwana uku ta ruɓa. Idan ta buɗe sai ta shinshina, in warin bai yi mata ba a sake rufewa. Tana ɗora ginin a kan duwatsu kamar rumbu saboda danshi da gafiya. Ƙofa ba ta taɓa kallon gabas, don daga nan hadari yake tasowa. Faɗin ƙofar kuwa da kazar gidan take aunawa: a kamo mafi ƙiba a miƙa mata, ta tura ta ta fito da ita, kazar na ihu ita kuma tana ba ta baki. Ramukan shan iska da ɗan ƙaramin yatsanta take hudawa tun laka na ɗanya, wai iska ta shiga, kan maciji kuma ya tsaya a waje. A sama sai ta kafa bakin fasasshiyar randa, ta nan ake zura hannu a ɗebi ƙwai, a kife da tsohon kasko, a shafe jikin da makuba, a ɗora 'yar jinka.

Dokarta da ba ta karyawa ita ce taƙi ɗaya a rana. Ta buɗe tafin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, iyakar abin da za a ɗora ke nan, sai gobe in ya sha iska. Ko da laka ta rage a ƙasa, ko da rana ba ta yi nisa ba, sai ta wanke hannu ta nemi goro. Idan aka yi mata gardama a kan wani abu na ginin, amsarta ɗaya ce: "Ka tambayi kaza?" Har Baba, da rawaninsa da komai, ya sha wannan tambayar.

Tana da faɗa, kada wanda bai san ta ba ya ɗauka waliyyiya nake ba da labari. Ta taɓa yin wata guda ba ta amsa gaisuwar ƙanin Baba ba saboda ya ɗaure akuya a jikin akurkinta. Amma ita ce kuma, lokacin da mijin maƙwabciyarmu ya rasu ya bar ta da yara, ta tsallaka gidan bayan an share makoki ta fara zagaye tana taka ƙasa. Da aka gama ginin sai ta kawo kaza da 'yan tsakinta a cikin kwando tana mita, wai kazar fitinanniya ce, ta hana sauran sakat, a taimaka a riƙe mata ita kwana biyu. Kwana biyun nan har yau ba su cika ba. Da ƙwan jikokin kazar nan yaran suka yi ta sayen littafi da sabulu, kuma duk ranar da matar ta buɗe baki za ta yi godiya, sai Kaka ta tare ta da tambayar ko ta zuba toka a ƙasan akurki saboda ƙuma.

Rigimata da ita kuwa ni na jawo. Da na koma Kalgo na buɗe shagon buga takardu kusa da jami'a, na yi aure, na sami ɗan fili a bayan gida, sai sha'awar kiwo ta kama ni. Na kalli hotunan gidajen kaji a waya har idona ya yi ja, na zana nawa a takarda da ma'auni da komai, na kira kafinta. Ya haɗa mini da katako da ragar waya, ya rufe sama da bayansa da kwano sabo fil mai ƙyalli. Har fenti na sa aka shafa, shuɗi. Na kafa shi a tsakiyar fili inda duk wanda ya shigo zai gani.

Kaka ta gan shi ranar sunan 'yata. Ta zagaya shi sau biyu da sandarta, ta ƙwanƙwasa kwanon, ta zura kai ciki, ta fito. Mata suna jiran abin da za ta ce.

Ta ce, "Ango, wanga na gashi na? In ka sa su ciki, gishiri da yaji kaka barbaɗa musu tun da sahe, ko sai sun nuna?"

Aka kwashe da dariya, har da matata, wadda ta ɓoye fuska a bayan jaririya. Raina ya ɓaci, don abokaina na tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Kaka, zamani ya wuce laka. Wannan na masu ilimi ne."

Ba ta yi fushi a fili ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, malam. Ka tambayi kaza?" Ta koma cikin mata ta ci shinkafarta.

Bazara ce ta ba ni amsa. Wata ranar da zafi ya kai inda ya kai, na dawo daga shago da la'asar na tarar da matata tana ta yayyafa wa kaji ruwa, sun baje fukafukai, baki a buɗe. Kwanon ba ya taɓuwa. Kafin magariba fiye da rabinsu sun tafi, waɗanda muka samu muka yanka kuwa har maƙwabta sai da suka gaji da nama. Na gargaɗi matata kada labarin ya kai Gwandu. Bayan kwana uku direban motar da ke zuwa daga can ya tsaya a ƙofar shagona ya miƙo mini ƙullin leda, ya ce in ji tsohuwa, a ba angonta. Na kwance, sai ga yaji, dakakke mai kyau, har da ƙanumfari.

Na yi kwana biyu ina cika ina batsewa, a na uku na hau mota. Na same ta a gindin darbejiya tana watsa wa kajinta tsaki, su kuwa ƙalau, ko haki ba sa yi. Na durƙusa na gaishe ta na ce ina so ta gina mini akurki. Ta ce kunnenta ya yi nauyi kwanan nan, in ƙara faɗa. Na ƙara. Ta ce wai na laka nake nufi, irin na marasa ilimi? Na ce shi. Sai da na faɗa sau uku, na ƙarshen da ƙarfi har Goggo, yayar Baba, ta leƙo daga ɗaki, sannan Kaka ta ce a ɗauko mata 'yar kujerarta da mayafi.

Kwanakin da ta yi a gidana suna cikin mafi daɗin da na taɓa yi. Ni ne mai cuɗa laka, na naɗe wando har gwiwa, tana zaune tana cewa ƙafafuna kamar na wanda bai taɓa taka ƙasa ba. Ta zaɓi gindin katangar yamma inda inuwar mangwaron maƙwabci ke sauka. Kullum da hantsi ta ɗora taƙinta ɗaya, ta shafe da tafin hannu har ya yi sumul, ta wanke hannu, ta karɓi jaririya ta goya, ta shiga koya wa matata yadda ake gane ƙwan da zai ƙyanƙyashe. Ni kuma tana sa ni in tsuguna kusa da ita in riƙa miƙa mata curin laka, in na kau da kai ta buge mini hannu ta ce in duba.

Ginin ya kai ƙugu, ya fara rankwafowa ciki, saura taƙi biyu a kafa bakin randa, sai na ga gabas ta fara haɗa gira da yamma. Tsoro ya kama ni, bakina kuma ya riga hankalina. Na ce, "Kaka, tunda ga kwanon can a ajiye, me zai hana mu yanko kaɗan mu kife a sama mu huta, kafin ruwa ya zo?"

Ta dube ni, ta dubi ginin, ta tashi ta shige ɗaki. Washegari da safe na tarar ta ɗaure kayanta. Ta ce bayanta ya riƙe, kuma ta baro wata kaza a kan ƙwai a gida, hankalinta bai kwanta ba. Na roƙe ta, matata ta roƙe ta, ta ce a kai ta tasha. Na rufe ginin da tsohuwar tabarma na ce a raina bari ta huce in je in ba ta haƙuri ranar Juma'a. Juma'ar ta zo aiki ya riƙe ni, na ɗaga zuwa ta gaba. Ranar Talata da hantsi, bayan zazzaɓin kwana biyu, ta sa aka fito da ita ta watsa wa kajinta tsaki, ta koma ta kwanta, shi ke nan.

Wannan ne abin da nake ta juyawa a kan tabarmar makoki. Ranar addu'ar uku, bayan maza sun watse, na shiga cikin gida gaida mata. Goggo na zaune a ƙofar ɗakin Kaka, tare da maƙwabciyar nan tamu da Bafulatanar da ta kawo ƙwai. Goggo ta ce an gaya mata kwana uku ban ci abin kirki ba, mene ne? Na yi niyyar in ce babu komai, sai kawai na ji ina ba da labarin duka, har maganar kwanon. Na ce da fushina ta tafi, kuma ban samu na roƙi gafararta ba.

Sai na ga kafaɗun maƙwabciya suna motsi, ta toshe baki da mayafi. Na ɗauka kuka take yi.

Ta ce, "Tac ce maka bayanta ya riƙe?"

Na ce e.

Bafulatanar ta matso. "Kuma ta baro kaza bisa ƙwai?"

Na ce e, ya aka yi kuka sani?

Wallahi sai da suka yi dariya har Goggo ta riƙe ciki tana neman ruwa. Maƙwabciya ta share hawaye ta ce, "Ɗan nan, ni ma saura taƙi biyu bayanta yar riƙe. Katanga ɗaya ta raba mu, ina jin ta tana daka da wanga bayan da yar riƙe, ni ko ina tsaye gaban laka ina kuka." Bafulatanar ta ce ita har rugarsu aka bar ta da gini a buɗe ga hadari, ta rufe shi da hannunta tana zagin Kaka a zuci, kuma tun daga ranar duk akurkin da ke rugar ita ta gina shi.

Goggo ta ce, "Ba ta taɓa ruhe ma kowa akurki ba, ko ni da ta haihwa. Dut matan garin ga sun sani, ku maza ne ba ku tambaya. In ta kai wurin ga sai ta tsiri ciwo ta tahi. Bayan kwana bakwai ta dawo, in ta ishe an ruhe, ta zagaya ta zage shi tas, ba ta taɓa shi. In ba a ruhe ba ta zauna da kara tana nuni har a gama."

Na ce amma maganar kwanon fa?

Goggo ta ce, "Ai da ita tash shigo gidan ga tana dariya. Tac ce, na baro ango da taƙi biyu. In ya ruhe da laka, ya zama mai kaji. In ko ya ɗora kwano, ku ce shi rubuto min takardata, na gaji da auren."

Nan na yi dariya, nan na yi kuka, a gaban mata, ban ji kunyar kowa ba. Rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar har na manta. Aka kawo tuwo na cinye tas.

Washegari muka kama hanyar Kalgo ni da Goggo, da 'yar kujerar Kaka, da bakin wata tsohuwar randa, da jar kazarta guda a cikin kwando. Muka tarar da sauran lakar a rufe yadda ta bar ta, muka yayyafa ruwa na sake cuɗawa. Goggo ta zauna ta ɗauki kara. Na ɗora taƙi ɗaya da ƙyar, yana ta zamewa ina tarowa. Da na gama na dubi gabas, ta yi baƙi ƙirin, na kai hannu zan ɗebo wata lakar in ƙarasa gaba ɗaya. Karan ya sauka a bayan hannuna. Goggo ta ce, "Sai gobe." Muka lulluɓe ginin da tabarma da leda, iska ta taso ta yi ta kaɗa su, ina tsaye ina addu'a, hadarin ya zagaye ya sauke can wajen Jega, mu ko ɗigo ba mu samu ba.

Kashegari na ɗora na biyu, na kafa bakin randa. Da aka zo huda ramukan iska na rasa girman da zan yi. Goggo ta ce in auna da na ƙasa. Na kai ɗan ƙaramin yatsana cikin ramin da Kaka ta huda, sai ya ƙi shiga, iyakarsa farce. Ban taɓa sanin hannun da ya yi ta buge ni ƙanƙane ne haka ba. Na daɗe a tsugune a wurin, Goggo kuma ba ta ce in tashi ba. Daga baya na nemo siririn kara daidai ramin nata na huda nawa da shi.

Muka shafe da makuba, muka ɗora jinka, muka zuba toka. Kwana biyu bayan nan ruwan farko ya sauka da la'asar kamar da bakin ƙwarya. Jar kazar ta zagaya akurkin, ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, ta daɗe tana shawara, sannan ta shige. Sauran suka bi ta. Matata ta ce, to, an tambayi kaza.

Yana nan a gindin katangar yamma. Daga ƙasa zuwa ƙugu sumul yake kamar tulu. Daga nan zuwa sama ya karkace ya yi ƙusumbi, kowa ya gani ya san inda hannunta ya tsaya nawa ya fara. Goggo ta zagaya shi ta gwada zaginsa don a cika al'ada, ta ce ya yi kama da hular mahaukaci, amma a tsakiyar maganar muryarta ta karye. Ranar da ya cika kwana bakwai na sami kaina ina duban ƙofar gida, ina jiran ƙarar sanda da wadda za ta zo ta zage shi yadda ya kamata.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka, yadda kika nema wa bayinsa marasa baki inuwa, ya yalwata miki shi, ya yafe miki faɗanki da ciwon bayan da kika yi ta ƙirƙira. Na rufe da laka. Takarda kuwa ba zan rubuta ba.